ƘURAR FURE DA TARIHIN DAJIN ƘASARMU

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkara ya san lokacin da gero yake yin bununi. Idan mutum ya ratsa gona da safe, sai ya fito da wani gari rawaya-rawaya a kafaɗar rigarsa. Manomi yana murna da wannan gari, domin ya san bayansa sai ƙwaya. Yana kuma tsoron kada ruwa mai ƙarfi ya sauka a waɗannan kwanaki ya wanke shi, zangarniya ta fito ba ido. Ke nan abin da za mu yi magana a kansa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Abin da yake baƙo shi ne amfanin da masana kimiyya suke yi da shi wajen gano irin itatuwan da ke ƙasa da yawan ruwan da ake samu shekaru dubbai da suka wuce.

Wannan takarda tana da manufa biyu. Ta farko, ɗalibai su ga yadda ake bayanin wani fanni na kimiyya da Hausa zalla, ba tare da an yi ta jingina da Faransanci ko Ingilishi ba. Ta biyu, su san amsar da wannan fanni ya bayar game da wata tsohuwar tuhuma, wato cewa manoma da makiyaya ne suka cinye dajin ƙasarmu suka jawo hamada.

2.0 Sunan abin da Hausa

Kafin a shiga bayani sai an daidaita kalmomi. Manoma suna cewa bununi, amma sun fi amfani da kalmar ga gero da dawa. Mu kuwa muna bukatar sunan da zai haɗa na kuka da na gawo da na ciyawa baki ɗaya. Saboda haka a nan za mu ce ƙurar fure. Kalmar ƙura ta dace domin abin yana da laushi, iska tana ɗaukarsa, kuma ido ba ya iya rarrabe ɗaya daga ɗaya. Guda ɗaya daga cikinta za mu kira ta ƙwayar ƙura. Taɓon da ke taruwa a ƙasan tabki shekara bisa shekara za mu ce masa laka. Na'urar nan mai ƙara girman abu, wadda ake duba jini da ita a asibiti, ita ce madubin likita. Haɗuwar namiji da mace a wajen tsirrai kuma barbara ce, kamar yadda ake cewa ga dabbobi.

Ku lura, ba mu ari sabuwar kalma ko ɗaya daga waje ba a nan. Aro ba laifi ba ne, amma ana yin sa ne bayan an duba rumbun gida an ga babu.

3.0 Mene ne ƙurar fure?

Tsiro mai fure yana da ɓangaren namiji da ɓangaren mace. Ɓangaren namiji shi ke fitar da ƙura, kuma sai ta sauka a kan ɓangaren mace sannan a sami ƴaƴa. Masu dabino a Ingal da Kawar sun daɗe da sanin haka. Dabino akwai namiji akwai mace, kuma mai lambu yakan hau ya yanko furen namiji ya saƙala shi cikin furen mace da hannunsa.

Sauran tsirrai suna da masu yi musu wannan aiki. Zuma tana yi wa kaɗanya, jemage yana yi wa kuka da ɗorawa da dare, iska kuma tana yi wa gero da dawa da masara da dukan dangin ciyawa. Tsiron da ya dogara da iska dole ya yi ɓarna, ya watsa ƙura mai ɗimbin yawa, da fatan kaɗan daga ciki za ta faɗa inda ake so. Sauran duk sai ta zube a ƙasa da kan ruwa. Lokacin da nake karatu a Turai na yi mamakin jin ana faɗin yawan ƙurar fure a rediyo tare da labarin yanayi, saboda mutanen da take sa wa atishawa da ƙaiƙayin ido.

Abubuwa uku ne suka sa wannan ƙura ta zama shaida. Na farko, yawanta. Na biyu, ƙarfin ɓawonta. Ƙwayar ƙura ƙarama ce ƙwarai, mafi yawa idan aka jera 10 zuwa 100 ne za su cika milimita ɗaya, amma ɓawonta yana cikin abubuwa mafi wuyar ruɓewa da wani mai rai yake yi. Idan ta nutse cikin laka inda iska ba ta shiga, abin da ke cikinta zai mutu, ɓawon kuwa sai ya yi shekara dubbai da kamanninsa. Na uku, kowane dangi na tsirrai da irin siffar ƙwayarsa, kamar yadda a da ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. Ta ciyawa mulmulalliya ce mai ƙofa ɗaya tak da zobe kewaye da ita. Ta dangin bagaruwa ba ta tafiya ita kaɗai, a dunƙule take, sau da yawa ƙwaya 16 manne da juna. Wasu suna da ƙaya, wasu suna da tsaga uku, wasu kuma ɓawonsu kamar saƙar raga.

4.0 Yadda ake aikin

Wanda ya fara nuna wannan hanya shi ne wani masanin ƙasa ɗan Suwidin, Lennart von Post, a wani taro da aka yi a birnin Oslo, wanda a lokacin ake kira Kristiania, a shekarar 1916. Ya ƙidaya ƙwayoyin ƙura a cikin taɓon fadamun ƙasarsu, ya nuna yadda itatuwa suka yi ta maye gurbin juna bayan narkewar ƙanƙara. A yankinmu kuma, Bafaranshe Jean Maley ya fitar da babban nazarinsa a kan ƙurar fure ta kwarin Tabkin Cadi a 1981.

Ga matakan aikin a taƙaice. Da farko sai a nemi tabkin da bai taɓa ƙafewa ba, ko wanda ya daɗe ƙwarai da ruwa. A kan kwalekwale ko wani dandamali, sai a soka dogon bututu cikin lakar ƙasan tabkin, a zaro ta yadda take ba a dama ba. Ta ƙasa ita ce tsohuwa, ta sama ita ce sabuwa, kamar hatsin da aka yi ta zubawa a rumbu shekara bisa shekara ba a ɗiba.

Mataki na biyu shi ne sanin shekarun kowane hawa. Ana tsinto guntun gawayi ko ganye ko iri daga cikin lakar a auna wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon 14. Duk abu mai rai yana ɗauke da shi, kuma daga ranar da ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya a cikin kimanin shekara 5,730. Ba'amurke Willard Libby ne ya gano wannan dabara, har aka ba shi kyautar Nobel a 1960.

Mataki na uku ana yin sa a ɗakin bincike. Daga kowane hawa sai a ɗebi laka kamar girman ƙwayar gujiya, a wanke ta da ruwan sinadarai masu ƙarfi. Wani yana narkar da farar ƙasa, wani yana narkar da yashi, wani yana cinye ruɓaɓɓen ganye. Ɓawon ƙura ba ya narkewa, sai ya saura. A ɗiga shi a kan gilashi a sa a madubin likita, mai bincike ya zauna yana ƙidaya ɗaya bayan ɗaya, galibi sai ya kai 300 ko fiye a kowane hawa. Aiki ne na haƙuri, bututu guda yana iya cin shekara.

Daga ƙarshe sai a yi zane. A gefe ana jera zurfi da shekaru daga ƙasa zuwa sama, kowane tsiro kuma da layinsa, yana kumbura inda ƙurarsa ta yi yawa, yana tsukewa inda ta ragu. Don a fassara zanen, ana kwatanta shi da ƙurar da ke zuba a yau a wurare daban-daban, daga kurmin kudu har zuwa hamada. Idan wani hawa ya yi kama da abin da ake samu yau a inda ake ruwa mai yawa, to an san irin daminar wancan zamani.

5.0 Abin da aka gano a yankinmu

5.1 Tabkin Tila

Tila tabki ne a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, kusa da Biu a jihar Borno ta Nijeriya. Bajamushe Ulrich Salzmann ya yi nazarin lakarsa, ya fitar da sakamakon a 2000 da 2002. Shekarun da za a ambata a nan na ƙidayar kabon ne, wadda takan ɗan gaza shekarun kalanda. Kafin shekara 10,000 da suka wuce wurin busasshe ne, ciyawa ce ta fi yawa. Daga nan sai ruwan tabkin ya ɗaga, itatuwan da a yau sai an yi kudu sosai ake ganinsu, irin su kafafago, suka bazu. Hakan ya ci gaba har wajen shekara 6,800 da suka wuce, sannan suka fara ja da baya sannu a hankali. Bushewar ta tsananta wajen shekara 3,700 da suka wuce.

Abu biyu ne suka fi jan hankali. Ƙurar ciyawa ba ta taɓa ɓacewa daga lakar ba, ko a lokacin da ruwa ya fi yawa. Haka kuma akwai burbushin gawayi tun daga ƙasa har sama. Ma'ana, wurin bai taɓa zama rufaffen kurmi ba, kuma gobarar daji ta girmi noma da nisa.

5.2 Ƙasar Manga

Ƙasar Manga ta ratsa iyaka, rabi a Nijar wajen Maine Sorowa da Gudumariya, rabi a arewacin jihar Yobe. Ƙasa ce ta tuddan rairayi da kwaruruka masu kanwa. Salzmann da Martyn Waller sun haƙa lakar wasu kwaruruka huɗu a ɓangaren Nijeriya, suka buga abin da suka samu a 1998. A inda yau sai goriba da dabino da kanwa, sun tarar da ƙurar itatuwan bakin rafi masu son ruwa, irin su malmo da kafafago. Waɗannan itatuwa sun ɓace wajen shekara 3,300 da suka wuce, tsirran Sahel da muka sani suka karɓi wurin.

5.3 Tabkin Yowa

Yowa yana Uniyanga, a arewa maso gabashin Cadi, tsakiyar Sahara, inda shekara takan wuce ba a ga ruwan sama ba. Duk da haka tabkin yana da zurfin fiye da mita 20, domin tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa ne yake ciyar da shi. Hukumar UNESCO ta sa tabkunan Uniyanga cikin kayan gadon duniya a 2012. Lakar Yowa tana da sirara-siraran layuka da ake iya ƙidaya su shekara-shekara.

A 2008 ayarin Stefan Kröpelin na Jami'ar Kolon ta Jamus ya fitar da tarihin shekara 6,000 daga wannan laka, kuma Anne-Marie Lézine tana cikin waɗanda suka karanta ƙurar. A can ƙasa akwai ciyawa mai yawa da itatuwa jefi-jefi, har da waɗanda asalinsu na kudu ne. Itatuwan ne suka fara raguwa, sannan ciyawar ta bi. Ruwan tabkin ya koma na gishiri wajen shekara 4,000 da suka wuce, ƙurar iska ta ƙaru, kuma hamada irin ta yau ta kafu kimanin shekara 2,700 da suka wuce. Wannan sakamako ya tayar da muhawara, domin wani bincike na shekarar 2000 a kan lakar teku daura da Muritaniya ya nuna kamar bushewar ta zo farat ɗaya, wajen shekara 5,500 da suka wuce. Yawancin masana yanzu suna ganin ba lokaci guda ta zo ko'ina ba: arewa ta riga kudu bushewa, kuma kowane wuri da saurinsa.

5.4 Sauran shaidu

Alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda. Tsoffin gaɓoɓin ruwa sun nuna Tabkin Cadi ya taɓa kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, alhali a 1963, lokacin da ake ganin ya cika, bai wuce 25,000 ba. A Dufuna cikin jihar Yobe, wani makiyayi mai haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a 1987, aka auna aka ga ya kai shekara 8,000. A Dabus cikin Abzin akwai raƙuman dawa sassaƙe a jikin dutse. A Gobero cikin Tenere kuma, ayarin Paul Sereno ya gano wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, mai kaburbura wajen 200, a bakin tabkin da ya ƙafe, ga ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada. A wani kabari an sami mace da yara biyu rungume da juna, kuma a ƙarƙashinsu akwai ƙurar fure a dunƙule. Masu binciken sun fassara wannan da cewa a kan furanni aka kwantar da su.

6.0 Me ya kawo canjin?

Kun san yadda katantanwa take yi idan yaro ya murza ta: tana juyawa, kanta kuma yana layi. Haka duniya take yi, sai dai layinta yana ɗaukar kimanin shekara 26,000 kafin ya zagayo. Wannan layi shi ke sa wani zamani duniya ta fi kusa da rana a watannin damina na arewa, wani zamani kuma a watannin sanyi. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce kusancin ya faɗo a watannin damina. Ƙasar Sahara ta ƙara zafi, ta jawo iskar teku mai laima daga kudu maso yamma da ƙarfi, ruwa ya kai can arewa. Ciyawa da tabkuna suka ƙara riƙe laima, laima ta ƙara kawo ruwa. Da layin ya juya, sai komai ya koma baya. A yau a watan Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, wato tsakiyar hunturu.

7.0 Iyakar wannan shaida

Mai karanta zanen ƙura dole ya yi hattara da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, tsirrai ba su yin ƙura daidai. Ciyawa tana cika ko'ina, kuka da kaɗanya kuwa ƙurarsu ba ta nisa da gindi. Rashin ganin kuka a zane ba ya nufin babu ita a daji.

Na biyu, wasu dangi sun yi kama da juna ƙwarai. Marke da geza da sabara da taramniya da baushe dangi ɗaya ne, kuma da wuya a rarrabe ƙurarsu, alhali ba wuri ɗaya suke so ba. Haka ƙurar gero ba ta rabuwa da ta ciyawar daji, don haka ba a iya gane farkon noman gero da ita. Shaidar wannan ta fito ne daga tambarin ƙwayar gero a jikin tsoffin tukwane, kamar na kwarin Tilemsi a Mali masu shekara wajen 4,500.

Na uku, iska tana kai ƙura nesa. Hunturu yana ɗaukar ta tsirran hamada ya kai ta har cikin teku.

Na huɗu, yawancin tabkunanmu suna ƙafewa da rani, laka ta tsattsage, iska ta shiga, shanu su tattake. Irin wannan wuri ba ya ajiye ƙura. Shi ya sa wuraren da suka ba da dogon tarihi ƴan kaɗan ne.

8.0 Wa ke da laifi?

A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa Sahara tana gangarowa kudu ta iyakar Nijar da Nijeriya, ya ɗora laifin a kan sassabe da kiwo da ƙona daji. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa wanda ya bi iyakar a 1936 da 1937, bai kuma tarar da abin da ya tabbatar da maganar ba. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba. Littafin André Aubréville na 1949 ya ƙara yaɗa tunanin cewa dajin da muke gani saura ne na wani kurmi da mutane suka lalata. Dokokin gandun daji da suka hana manomi taɓa itacen gonarsa sun sami ƙarfi daga irin wannan tunani.

Lakar Tila da Manga da Yowa ta nuna babban canjin ya bi raguwar ruwan sama ne, a zamanin da mutane ba su da yawan da za su iya share ƙasa. Wannan ba ya wanke mu daga abin da muke yi yau. Gawayi da itacen girki da ake kai wa birane, da gonakin da ba a bari su huta, suna cin daji da saurin da ba a taɓa gani ba, kuma farin 1973 da na 1984 sun tarar da ƙasa ta riga ta gaji. Amma wanda ya san dajin Sahel tsohon gida ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi ba zai ɗauki manomi abokin gaba ba, ba zai kuma nemi dasa kurmi inda ruwa ba zai riƙe shi ba. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna wata hanya. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. Ƙiyasin da aka fitar a 2009 ya ce hakan ya farfaɗo da wajen eka miliyan 12, wato hekta miliyan 5.

9.0 Kammalawa

Mun ga mene ne ƙurar fure, da dalilan da suka sa take daɗewa, da yadda ake zaro ta a ƙidaya, da abin da ta nuna a wurare uku na yankinmu, da kuma inda shaidarta ta tsaya. Mun yi wannan duka da sunayen da iyayenmu suke kiran itatuwa da su. Mai bincike da ya zo daga nesa yana iya gane ƙwayar dangin marke a madubi, amma tsohon da ke ƙauyenku shi ya san inda marke ya tsaya a da, da shekarar da aka sare na ƙarshe. Tattara wannan sani da rubuta shi aiki ne na ɗaliban harshe.

Aikin gida

1. Ka bayyana da kalmominka dalilai uku da suka sa ƙurar fure ta zama shaida.
2. Ka nemi wata kalma ta Hausar garinku da za ta iya maye gurbin "ƙurar fure" ko "laka", ka faɗi dalilin zaɓinka.
3. Ka zauna da wani dattijo ko dattijiya, ka rubuto sunayen itatuwa 10 da ake da su a garinku a zamanin ƙuruciyarsu. Ka nuna waɗanda suka ragu da waɗanda suka ɓace, da dalilin da suka ba ka, cikin shafi ɗaya.